Zangon Karatu a Aji Huɗu Zuwa Shida na Firamare: Abin da Yara ke Koyo da Nauyin da ke Kan Iyaye da Shugabanni

Gabatarwa

Sau da yawa idan jami'an wayar da kan jama'a suka fita rangadi a ƙauyukan Jihar Jigawa, iyaye kan tambaye su abin da yara ke yi a makaranta tun daga safe har zuwa azahar. Tambaya ce da ta dace, domin uban da ya haƙura da taimakon ɗansa a gona, da uwar da ta haƙura da aiken 'yarta, suna da haƙƙin sanin abin da 'ya'yan nasu ke samowa a madadin haka.

An shirya wannan bayani ne domin amsa wannan tambaya game da aji huɗu, biyar da shida na makarantun firamare. Manufarsa ita ce iyaye, masu unguwanni, bulamai, dagatai, kansiloli da 'yan kwamitin makaranta su fahimci yadda aka tsara zangon karatu mako bayan mako. Duk wanda ya fahimci wannan tsari zai gane cewa kowane mako yana da darasinsa, kuma darasin da ya wuce yaro ba ya tsayawa jiransa.

Matsayin Waɗannan Azuzuwa

An ƙaddamar da shirin ba da ilimin matakin farko ga kowa, wato UBE, a birnin Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, a zamanin mulkin Shugaba Olusegun Obasanjo. A shekara ta 2004 aka kafa dokar da ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Hukumar UBEC ce ke kula da shirin a matakin tarayya, a jiha kuma hukumar SUBEB, sannan kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 27 na jihar nan tana da ofishin ilimi ƙarƙashin Sakataren Ilimi.

An kasa waɗannan shekaru tara gida uku. Aji ɗaya zuwa uku shi ne matakin ƙasa, aji huɗu zuwa shida matakin tsakiya, ƙaramar sakandare kuma matakin sama. Yaron da ya shiga aji ɗaya yana ɗan shekara shida, zai isa aji huɗu yana da tara, ya gama aji shida yana da goma sha ɗaya ko sha biyu.

Bambancin matakin tsakiya da na ƙasa shi ne, a aji ɗaya zuwa uku yaro karatun kansa yake koyo, wato haɗa baƙi da wasali da ƙirga. Daga aji huɗu kuwa ana ɗauka cewa ya riga ya iya karatu, saboda haka za a ba shi littafi ya karanta domin ya samo wani ilimin a ciki. Yaron da ya shigo aji huɗu bai iya karanta jimla ba, kusan dukkan darussa za su yi masa nauyi a lokaci guda.

Akwai kuma batun harshe. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta daɗe tana tanadin a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen yankin, daga aji huɗu kuma a koma Turanci. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a ci gaba da harshen uwa har aji shida, amma a watan Nuwamba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da sanarwar soke wannan mataki, ta ce Turanci ne harshen koyarwa. Ko ma dai yaya, littattafan lissafi da kimiyya da tambayoyin jarrabawa na waɗannan azuzuwa da Turanci ake rubuta su.

Girman matsalar ya fito fili a binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021, wanda ya nuna cewa a faɗin Nijeriya kimanin yaro ɗaya ne kawai cikin huɗu, daga shekara 7 zuwa 14, ya mallaki ginshiƙin karatu. Haka abin yake a ɓangaren lissafi.

Yadda Aka Raba Shekara da Zango

Shekarar karatu tana da zango uku. A bisa al'ada zango na farko yakan fara a watan Satumba ya ƙare a Disamba, na biyu daga Janairu zuwa ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, na uku kuma daga ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu zuwa Yuli. Ma'aikatar ilimi ta jiha ce ke fitar da ainihin ranakun kowace shekara, kuma takan yi la'akari da azumi da bukukuwan Sallah. Kowane zango yakan kai mako 12 zuwa 14.

Idan aka ɗauki zango mai mako 13, ga yadda yawanci yake kasancewa. Makon farko na dawowa ne: share harabar makaranta, gyaran rajista, bitar aikin baya da raba jadawalin darussa. Daga mako na biyu ake shiga sabon karatu, ana yin gwaji na farko wajen mako na huɗu ko na biyar, na biyu kuma wajen mako na takwas ko na tara. Makarantu da dama sukan ba da ɗan hutun tsakiyar zango na 'yan kwanaki. Sai makon bita, sai makon jarrabawa, sannan makon ƙarshe na duba takardu, cike katin sakamako da ba da hutu. Idan aka cire waɗannan, makonnin koyar da sabon darasi ba su wuce goma ba.

Hukumar NERDC ce ke tsara manhajar karatu ta ƙasa baki ɗaya. Daga manhajar ake fitar da tsarin aikin zango, inda ake rubuta abin da za a koyar a kowane mako a kowane fanni. Daga nan malami ke rubuta shirin darasinsa, ya kai wa hedimasta ya duba ya sa hannu kafin ya shiga aji. A ƙarshen mako kuma malamin ya rubuta abin da ya samu damar koyarwa. An jera darussan ne bisa tsari, na yau yana dogaro da na jiya. Yaron da bai halarci makon ninkawa ba, makon rabawa zai gagare shi, domin rabawa juyin ninkawa ce.

Yadda Ranar Makaranta Take

Yara kan iso makaranta tun wajen ƙarfe bakwai da rabi domin shara da ɗebo ruwa. Sai a kaɗa ƙararrawa a jeru a fili domin taron safe, inda ake addu'a, a rera taken ƙasa, a karanta alkawarin ƙasa, a duba tsaftar jiki da farce da tufafi, sannan hedimasta ya yi sanarwa. Tun watan Mayu na 2024 aka koma ga taken ƙasa na farko, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978.

Da shiga aji malami yakan buɗe rajista ya yi kiran suna. Wannan rajista muhimmiyar takarda ce ta hukuma, domin a cikinta ake ganin yawan kwanakin da kowane yaro ya zo da waɗanda ya yi fashi. Darasi guda yakan ɗauki minti 30 zuwa 40, kuma akan sa lissafi da Turanci da safe lokacin da hankalin yara ke kwance. Da hantsi a fita tara, yara su ci abinci su yi wasa, sannan a dawo a ci gaba har wajen ƙarfe ɗaya ko ɗaya da rabi. Ranar Juma'a akan tashi da wuri saboda masallaci.

A nan ya kamata iyaye su lura da abu biyu. Yaron da ya saba makara, lissafi da Turanci ne ke wuce shi kullum. Yaron da ya fito bai karya kumallo ba kuma, sau da yawa idan ya tafi gida da tara ba ya dawowa.

Darussan da Ake Koyarwa

A shekara ta 2025 Gwamnatin Tarayya ta fitar da sabuwar manhaja wadda ta rage cunkoson darussa, aka kuma tsara fara aiki da ita daga aji ɗaya da aji huɗu a firamare. Ga darussan aji huɗu zuwa shida da irin abin da ke cikinsu.

Turanci. Yaro yakan karanta gajeren labari ya amsa tambayoyi a kansa, ya koyi nahawu, ya yi shifta, ya kuma rubuta insha'i da wasiƙa. A aji huɗu 'yan jimloli ake nema game da kansa ko gidansu. A aji shida ana sa ran ya bambanta wasiƙar da ake rubuta wa ɗan'uwa da wadda ake rubuta wa hukuma, ya kuma iya cike fom da kansa.

Lissafi. A aji huɗu ana ƙarfafa haddar sau, ninkawa, doguwar rabawa, lambobin Romawa da lissafin kaso, wato rabi, sulusi, rubu'i da sauransu. A aji biyar ake shiga lissafin kashi cikin ɗari, riba da faɗuwa, da awon fili da na ruwa. A aji shida kuwa lambobi kan kai miliyoyi, a koyi rabon kaso bisa daidaito da lissafin gudu da tazara. Duk wannan lissafi ne na rayuwar karkara. Ɗan aji biyar ya kamata ya iya faɗin cewa wanda ya sayi akuya Naira 40,000 ya sayar Naira 46,000 ya ci ribar Naira 6,000, wato kashi 15 cikin ɗari. Ya kamata ya san cewa gona mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100 ita ce hekta ɗaya, wato murabba'in mita 10,000. Haka kuma ya iya lissafa cewa manomin da ya sami buhu 30 a noman damina zai fitar da buhu 3 na zakka, idan kuma da ban-ruwa ya noma, buhu ɗaya da rabi.

Hausa. Ana koyar da ƙa'idojin rubutu, musamman baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ, ɗ da ƙ, da raba kalma da haɗe ta. Akwai karin magana, kacici-kacici, tatsuniya, sana'o'in gargajiya da karatun littattafai irin su Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam. Kada iyaye su raina wannan darasi da cewa ai yaro ya iya Hausa tun daga gida. Yaron da ya ƙware a karatun harshensa ya fi saurin kama karatun wani harshe.

Kimiyya da fasaha. A nan ake koyon sassan tsiro da na jikin ɗan Adam, ruwa da tsaftace shi, yanayi, zaizayar ƙasa, maganaɗisu, wutar lantarki da ƙananan na'urori. Malami mai himma ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje kafin ya nuna wa yara abu a aikace. Gwangwani uku da aka huda gindinsu, a zuba rairayi a ɗaya, laka a ɗaya, turɓaya a ɗaya, a tsiyaya musu ruwa, sun isa su nuna dalilin da ya sa gero ke son jigawa, shinkafa kuma ke son fadama. A manyan azuzuwan ana kuma yi wa yara bayanin sauye-sauyen da jiki ke yi yayin balaga da tsaftar da ta dace da su.

Motsa jiki da kiwon lafiya. Ban da guje-guje, ƙwallo da wasannin gargajiya irin su langa, ana koyar da wanke hannu, abinci mai gina jiki, taimakon gaggawa da hanyoyin kamuwa da cututtuka. Yaro yakan koyi cewa sauro ke kawo zazzaɓin cizon sauro, gurɓataccen ruwan sha ke kawo amai da gudawa, wanka a kududdufi da tafki kuma ke jawo tsargiya, cutar da mazauna yankunan fadama suka sani sarai.

Ilimin addini. Yara Musulmi suna koyon surorin Alƙur'ani, hadisi, tauhidi, fiƙihu, tarihin Manzon Allah (SAW) da kyawawan ɗabi'u. Yara Kirista kuma suna da nasu darasin addinin.

Tarihin Nijeriya. Sabuwar manhaja ta wajabta shi daga aji ɗaya na firamare har ƙarshen ƙaramar sakandare. Yaro kan ji labarin daulolin da aka yi kafin zuwan Turawa, da haɗe Arewa da Kudu a 1914, da samun 'yancin kai a 1960. Jihar nan tana da misalan da malami zai kafa hujja da su a kusa: masarautunmu biyar na Dutse, Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim, da Garun Gabas da ke cikin Hausa Bakwai, da zanen kan dutse na Birnin Kudu, da yaƙin Haɗeja da Turawa na 1906, da kuma ƙirƙiro jihar kanta ranar 27 ga Agusta, 1991.

Zamantakewa da zama ɗan ƙasa nagari. Ya ƙunshi iyali, shugabanci, matakan gwamnati uku, haƙƙoƙi da wajibai, zaman lafiya, kiyaye haɗurran hanya da illar shaye-shaye.

Share fagen sana'a. Wannan ya haɗa aikin gona da tattalin gida: kayan noma, takin gargajiya, kiwon kaji da dabbobi, adana hatsi, ɗinki, girki da tsaftar muhalli.

Sauran su ne al'adu da fasahar hannu, inda ake zane, saƙa, gini da yumɓu da wasan kwaikwayo, da kuma ilimin kwamfuta na farko. Larabci da Faransanci na zaɓi ne, gwargwadon samun malami.

Ayyukan Wajen Aji

Daga aji biyar da shida ake zaɓen shugabannin ɗalibai, masu kula da tsafta, da lokaci, da wasanni, kowane aji kuma yana da monita. A nan yaro ke fara ɗanɗana riƙon amana. Makarantu da dama suna da ƙungiyoyin muhawara, kacici-kacici, wasan kwaikwayo da kiwon lafiya, da lambu ko gonar makaranta inda ake gwada abin da aka karanta. Gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai takan faɗo a zango na biyu, Ranar Yara ta 27 ga Mayu kuma a zango na uku, wanda akan rufe shi da bikin ba da kyaututtuka da yaye 'yan aji shida.

Ya kamata a bambanta aikin koyo da bautarwa. Share aji da ban-ruwan shukar makaranta tarbiyya ce. Aiken yara zuwa gonar wani ko gidan wani a lokacin darasi kuwa saɓa ƙa'ida ne, kuma wajibi ne a kai rahotonsa ga hedimasta ko Sakataren Ilimi.

Yadda Ake Auna Ƙoƙarin Yaro

Sakamakon zango ba daga jarrabawar ƙarshe kaɗai yake fitowa ba. Ana tara makin gwaje-gwaje, aikin aji da aikin gida, sannan a haɗa da na jarrabawa. A makarantu da yawa aikin cikin zango yana da maki 40, jarrabawa 60, wasu kuma 30 da 70. Ke nan yaron da ya yi fashi ranakun gwaji ya zubar da babban kaso na makinsa tun kafin ya zauna jarrabawa.

Katin sakamako yakan nuna makin kowane darasi, yawan kwanakin da aka buɗe makaranta, yawan kwanakin da yaron ya halarta, da ra'ayin malamin aji da na hedimasta. Iyaye da yawa matsayin yaro kaɗai suke tambaya, ko ya zo na nawa. Lambar kwanakin halarta ta fi wannan bayyana gaskiya, domin ita ke nuna tushen nasara ko faɗuwa.

Ga 'yan aji shida, zango na uku shi ne na shirin wucewa ƙaramar sakandare. Iyayen da ke son 'ya'yansu su nemi shiga makarantun Gwamnatin Tarayya, irin su kwalejin Kiyawa ko ta 'yan mata da ke Kazaure, su tuntuɓi hedimasta tun a zango na biyu domin sanin tsarin shiga na wannan shekarar. Gama aji shida ba shi ne ƙarshen karatun dole ba, saura shekara uku.

Inda Ake Samun Giɓi

Kowane zango yana da nasa tarko a karkara. Zango na farko yana haɗuwa da kaka: girbin gero, kaɗe riɗi, roron wake, yankan shinkafa da tsinkar zoɓo. Zango na biyu yana haɗuwa da sanyin hunturu, noman rani da bukukuwan aure. Zango na uku kuma yana farawa cikin zafin bazara, ya ƙare a lokacin shuka da noman farko. A yankin kogin Haɗeja akwai kuma ambaliya, wadda a wasu shekaru kan datse hanya ko ta mayar da azuzuwa mafakar waɗanda ruwa ya raba da gidajensu. Yaran aji huɗu zuwa shida ne abin ya fi shafa, domin sun kai ƙarfin aikin gona, kiwo, raino da talla.

Sai kuma ranar kasuwa. Garuruwan da ke kewaye da Shuwarin ranar Litinin, ko Sara ranar Talata, ko Maigatari ranar Alhamis, sun san yadda azuzuwa ke raguwa a waɗannan ranaku. Ga lissafin abin a sauƙaƙe. Zango mai mako 13 yana da ranakun karatu 65. Yaron da ke fashi rana ɗaya kowane mako ya rasa kwana 13, wato kashi ɗaya cikin biyar na zangon. A shekara ya rasa kwana 39, kusan mako takwas ke nan. A shekara uku na matakin tsakiya ya rasa kwana 117, abin da ya kusa zango biyu cur. Tun da yake jadawalin darussa ba ya canjawa, darussan wannan rana su ne za su riƙa wuce shi kowane mako.

Haka nan al'adar nan ta cewa ba a karatu a makon farko da na biyu tana da tsada. Yaron da ya dawo a mako na uku, ya kuma yi mako biyu a gona da kaka, ya rasa mako uku daga cikin goma na sabon darasi. Irin wannan yaro yakan zauna a aji bai fahimtar abin da ake faɗi, kunya ta kama shi, daga nan ya fara gudun makaranta, a ƙarshe a ce ba shi da kan boko, alhali kuwa kwanakin da ya rasa ne suka kai shi ga haka.

Abin da Iyaye Za Su Iya Yi

Ba sai uba ko uwa sun yi boko ba kafin su sa ido a kan karatun ɗansu. Ana kira ga iyaye da su kiyaye waɗannan abubuwa:

1. Su mayar da yaro makaranta tun ranar farko ta zango, da littafin rubutu da biro ko fensir.

2. Su buɗe littattafansa sau ɗaya a mako. Ko wanda bai iya karatu ba zai gane ko shafuka na ƙaruwa, zai kuma ga jan biron malami idan ana duba aikin.

3. Su sa yaro ya karanta musu wani abu da babbar murya, ko ya yi musu lissafin cinikin gida. Idan ɗan aji biyar ya kasa karanta gajeren labari na Hausa, a je a ga malaminsa tun zango bai yi nisa ba.

4. Su mayar da aikin gona, kiwo da aike zuwa yamma, Asabar da Lahadi. Makaranta tana tashi da azahar, saura rabin yini.

5. Su tsara lokacin makarantar allo ko Islamiyya yadda ba zai ci karo da na firamare ba, kamar yadda garuruwa da dama suka yi da asuba, yamma ko dare.

6. Su bar 'ya'ya mata su kammala. Unguwarzoma, malamar asibiti da malamar makarantar da kowane ƙauye ke nema, daga waɗannan azuzuwa suke fitowa.

Nauyin da ke Kan Shugabanni

Dokar 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin tabbatar da cewa yaro ya halarci makaranta kuma ya kammala. Ta tanadi jan kunne a karon farko, tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyun a karo na biyu, sannan tarar Naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu ko duka biyun daga nan gaba. Ta kuma haramta karɓar kuɗin makaranta a firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati. Sai dai nasiha da sa ido daga shugabannin da jama'a ke jin nauyinsu sun fi hukunci saurin tasiri.

Kwamitin gudanar da makaranta, wato SBMC, wanda ya ƙunshi wakilan sarakuna, malaman addini, mata, iyaye, malamai da ɗalibai, ya kamata ya zauna aƙalla a farkon zango da tsakiyarsa da ƙarshensa. Duk ɗan kwamiti, dagaci ko kansilan da ya ziyarci makaranta, ya nemi hedimasta cikin mutunci ya nuna masa abu uku: rajistar kiran suna, domin a san yaran da suka yi mako guda ba su zo ba a bi su gida, littafin sa hannun malamai, domin a san masu zuwa a kan lokaci, da tsarin aikin zango, domin a ga ko darasin da ake yi a mako na bakwai shi ne na mako na bakwai.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, kuma takardar shaidar NCE ita ce mafi ƙarancin matakin koyarwa. Inda aji ya cika fiye da kima, ko babu malamin lissafi, ko iska ta yaye rufi, a rubuta wa Sakataren Ilimi takarda mai kwanan wata, a ajiye kwafinta, a kuma bi sawunta. Limamai su ma suna da rawar takawa ta hanyar tunatar da jama'a ranar komawa makaranta a masallatai, haka kuma sankira ya zagaya gari da sanarwa.

Kammalawa

Zangon karatu gajere ne, makonnin sabon darasi ba su wuce goma ba, kuma zango tara ne kacal tsakanin shiga aji huɗu da fita aji shida. A cikinsu ne yaro ke mallakar karatu, rubutu da lissafin da zai yi amfani da su a sakandare, a gona, a kasuwa da wajen ibada. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka ana kira ga iyaye, malamai da shugabanni a dukkan matakai da su haɗa hannu wajen ganin kowane yaro yana cikin aji tun daga ranar farko ta zango har ranar ba da hutu. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi hedimastan makarantar da ke kusa da shi ko ofishin ilimi na ƙaramar hukumarsa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.